Wane takalmi ne zai kai ka kan duwatsun Adar ya dawo da kai?

Wani ƙanena da ke karatu a Sheffield ta Ingila ya kawo mini tsarabar takalmin hawa dutse, mai dogon wuya, mai nauyi, da tambarin Gore-Tex a gefe. Ya san duk ƙarshen wata nakan bar Tawa in nufi wajen Keita ko Buza in yi yawon ƙafa a kan tuddai. Na sa shi a watan Afrilu. Kafin azahar safata ta jiƙe sharkaf, bororo biyu sun fito mini a dunduniya, na ƙarasa tafiyar da silifas ɗin wani yaro makiyayi da na saya a hannunsa. Takalmin ba shi da laifi ko kaɗan, ƙasar da aka ɗinka shi dominta ce daban da tamu.

Can inda ƙanen nawa yake, da ka fita bayan gari sai ka shiga gandun Peak District, wanda aka keɓe tun 1951. Tuddai ne shimfiɗaɗɗu marasa itatuwa, sai gajerun ciyayi, ƙasar kuma baƙa ce mai laushi, rubabben tsiro ne da ya daɗe yana taruwa, tana riƙe ruwa kamar soso. Tudun da ya fi tsawo a wurin, Kinder Scout, mita 636 ne. Daga ƙauyen Edale da ke gindinsa hanyar ƙafa ta Pennine Way take tashi, wadda aka buɗe a 1965, tana tafiya kilomita wajen 430 har cikin Sikotlan. A wasu wurare sai da aka shimfiɗa fala-falan duwatsu saboda ƙafa na nutsewa cikin taɓo. Mai tafiya a can ruwa da sanyi ne abokan gabarsa. Mu kuwa a Adar Dutsi Majiya, marmara muke takawa da tsakuwa mai kaifi, ga ƙaya, ga zafin da kan haura digiri 40 a bazara. Duk wanda zai saye takalmi ya fara tambayar kansa wace ƙasa zai taka, kuma a wane wata.

Gore-Tex ɗin da masu sayarwa ke ɗaga farashi saboda shi wata siririyar fata ce ta roba da Bob Gore ya gano a Amurka a 1969, ana shimfiɗa ta tsakanin bayan takalmi da cikinsa. Ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai, ɗigon ruwa ba ya ratsa su, amma tururin gumi yana iya fita. Sai dai fitar tururin ta fi tafiya daidai idan waje ya fi cikin takalmin sanyi. A kan fako da rana tsaka babu wannan bambanci, ƙafa sai ta dahu a ciki. Idan kuma ka tsallaka ƙorama da damina ruwa ya shiga ta sama, to ya samu gidan zama, sai ka kwana biyu kana shanya. A ganina mutumin Tawa bai kamata ya ƙara ko dala ɗaya ba saboda wannan tambari, sai fa in tafiyarsa ta Turai ce.

Abin da ya cancanci a biya kuɗi a kansa shi ne tafin takalmin. Idan ka juya shi ka ga ɗan tambari rawaya mai kusurwa takwas an rubuta Vibram, ka tsaya ka duba da kyau. Wani mahayin dutse ɗan Italiya, Vitale Bramani, shi ya fito da wannan tafi na roba mai haƙora a 1937, bayan abokan hawansa shida sun mutu a kan duwatsun Alps a 1935. Robar tana kama dutse, tana kuma jure gogar marmara, wadda ke cin tafin takalmi kamar zarto. Akwai jabu, don haka ka sa farce ka danna haƙoran. Na ƙwarai yana da tauri amma yana ɗan lotsawa, na jabu ko dai ya yi santsi kamar roban bokiti ko ya yi laushi kamar burodi.

To ina ake samun irin wannan ba tare da an sayar da rago ba? A gwanjo. A kasuwar Tawa akan dace, amma na fi samun zaɓi a Yamai, wajen Katako. A nan ne kuma tarko yake. Yawancin waɗannan takalma suna da wata katifa tsakanin tafi da ƙafa, kuma irin wadda aka yi da robar foliyuretan tana ruɓewa da kanta idan takalmi ya yi shekaru a ajiye, ko da ba a taɓa sa shi ba. Za ka gan shi fes kamar sabo, ka yi tafiyar awa ɗaya, tafin ya rabu da shi ya bar ka da garin roba. Na taɓa ganin haka ya sami wani abokin tafiyarmu a kan gangaren dutse, da igiyar rawani muka ɗaure masa. Kafin ka yi ciniki, lanƙwasa takalmin sosai, ka murɗa shi, ka kankari katifar da farce. In ta yi burshi ko ta tsage, ajiye ka yi gaba, ko da mai kaya ya ce maka "Alhaji, wallahi daga bal na kwance shi yau da safe." Wanda ka saya kuma ka bi da shi wajen mai gyaran takalmi ya zagaye tafin da ɗinki, domin gam ba ya jure zafin ƙasarmu.

Takalmin soja mutane da yawa suna sha'awarsa, kuma yana da rana. Wuyansa yana tare idon sawu daga targaɗe a kan tsakuwa mai zamewa, fatarsa tana tare ƙayar aduwa, yana kuma rage tsoron kububuwa, wadda ke son kwanciya tsakanin duwatsu. Amma yana da nauyi, sabo yana cizo har sai ya saba da ƙafa, kuma a halin tsaron da ake ciki ban ga hikimar farar hula ya shiga daji da kayan da za a ɗauke shi ma'aikacin tsaro ba.

Kambas mai raga-raga irin na masu gudu shi ne mafi daɗi a ƙafa, iska na shiga, ba nauyi. Da hunturu, a kan hanyar da jakuna suka riga suka share, ba abin da ya fi shi. Da kaka kuwa karangiya ce ke hukunci: tana maƙale wa raga da igiya da safa, ka zauna cirewa har yatsunka su yi jini. Tsidau ma yana huda tafin da ya yi siriri.

Ban raina takalmin roba na makiyaya ba, kuma kada ka raina shi. Waɗanda suka fi mu sanin duwatsun nan da shi suke yawo, ko da takalmin tayar mota. Kuɗinsa kaɗan ne, ana wanke shi da ruwan buta, kuma lokacin alwala ba ka ɓata lokaci wajen kwance igiya. Sai dai ƙafar makiyayi ta yi kanta tun yana yaro, ta ma'aikacin ofis kuwa ba ta yi ba. Ni ina jefa shi cikin jaka ne a matsayin na biyu. Tun da an zo maganar alwala: ka bari ƙafa ta bushe sarai kafin ka mayar da safa, domin danshi ne ke fara bororo.

Idan guda ɗaya kawai za ka saya, ga abin da zan ce maka. Nemi sau-ciki na tafiya mai gajeren wuya ko matsakaici, na fata mai laushi ko yadi mai kauri, marar waccan fata ta Gore-Tex mai tare ruwa, mai tafi mai haƙora da ɗan murfin roba a kan yatsu. Je kasuwa da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi tafiya da ita. Tura ƙafa gaba kafin ka ɗaure, yatsanka ɗaya ya shiga bayan dunduniya. Idan ya matse, a gangara ne za ka gane kurenka, lokacin da babban yatsa ke dukan gaba har farce ya yi baƙi. Lambar ma a kula: gwanjon Ingila mai lamba 8 yana kusa da 42 ɗinmu, 9 kuma kusa da 43.

Sabon takalmi kada ka fara da shi a kan dutse. Yi mako guda kana zagaya gari da shi, sannan ka gwada shi a wajen Keita, inda tun 1984 aikin raya karkara da Italiya ta ɗauki nauyinsa ya jera duwatsu da ramukan tare ruwa a jikin tuddai. Tsallake waɗannan jeri zai nuna maka ko tafin yana riƙe dutse. Ka sanar da mai gari zuwanka, ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora, ka tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi, arewacin jihar kuma ka bar shi tukuna.

Tsarabar ƙanena dai tana hannun wani ɗan'uwanmu mai noman albasa a fadama. Yana shiga ban-ruwa da ita da sanyin asuba, ya ce ƙafarsa ba ta ƙara tsagewa ba.