PS5, Xbox ko tsohuwar PS3: wacce za ta karɓi tsofaffin faya-fayanka?

Duk wanda ya nufi shagunan Circle a Accra da niyyar sauya na'urar wasa, musamman masu ɗakunan gem a Nima da Mamobi waɗanda suka tara faya-fayai, ya kamata ya san cewa ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, ba shi ne ke sa sabuwar na'ura ta karɓi tsohon wasa ba. Abin dubawa shi ne ko sabuwar furosesar da tsohuwar tsatsonsu ɗaya ne. Kuma ba a cire furosesar na'urar wasa a ɗaura wata kamar yadda ake yi wa kwamfutar tebur, domin a liƙe take da dalma, saboda haka neman ƙarin ƙarfi yana nufin sayen wata na'urar ɗungurungum.

Mai faya-fayan PS4 lamarinsa mai sauƙi ne. PS4 ta 2013 da PS5 ta 2020 dukansu furosesar kamfanin AMD ce a cikinsu, masu tsarin x86, shi ya sa kusan dukkan wasannin PS4 sama da 4,000 suke tafiya a PS5. Sai dai a tabbata an sayi mai ramin faifai, domin akwai wadda ba ta da shi.

Inda ake tafka asara shi ne wajen PS3. Sony ta fitar da ita a 2006 da furosesar Cell, wadda tsarinta ya sha bamban da na AMD, don haka faifanta ba ya aiki a PS4 ko PS5, kome mai shago zai ce. Ita kanta PS3 ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na farko-farko, masu ƙiba, an dasa musu kayan cikin PS2 domin su karɓi wasanninta, daga baya aka cire su don rage tsada, har ta kai siririyar da ta fito a 2009 ba ta karanta faifan PS2 sam. Hanyar ganewa a shago ita ce a ƙirga kafofin USB da ke gabanta: mai huɗu tana karɓar PS2, mai biyu ba ta karɓa. A ganina ba na'urar da za a dogara da ita wajen kasuwanci ba ce, domin ta tsufa, tana saurin ɗaukar zafi, ga kuma ƙurar hunturu. In ma za a saya, a sa faifan PS2 a gwada a gaban mai shago kafin a ƙirga masa sidi, domin ta Amurka ba ta karɓar faifan PS2 na Turai.

Microsoft mai Xbox kuwa wata hanya ta bi. Ita ma ta sauya tsari, daga PowerPC na Xbox 360 zuwa AMD, amma a 2015 ta fito da manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar furosesar, kuma yanzu Xbox Series X tana karɓar tsofaffin wasanni sama da 600. Sharaɗinta shi ne intanet, domin in an sa faifan sai na'urar ta sauke wasan, wanda hakan cin data ne ba kaɗan ba. An daina ƙara sababbi a jerin tun 2021, saboda haka a duba sunan kowane wasa a ciki tukuna. Series S ta fi araha, amma ba ta da ramin faifai, don haka ba ta da amfani ga mai tarin faya-fayai.