Bel da Kodbel: 'ya'yan itace biyu, sunan Turanci ɗaya

Hajiya, ba a cuce ki ba. Kin ce maƙwabciyarki 'yar Bangaladash ta aiko muku da wani sharbat ruwan ɗorawa lokacin shan ruwa, ta ce da Turanci wood apple ake ce wa abin. Sai kika je bakala, wato kantin kayan abinci, ta 'yan ƙasarsu a nan Jidda kika ambaci sunan, aka ba ki guda biyu, kika fasa ɗaya kika tarar da abu baƙi-baƙi mai tsami da wari. Mai bakala bai yi ƙarya ba, maƙwabciyarki ma haka. Turanci ne ya raɗa wa yara biyu suna ɗaya.

Wanda kika sha sunansa bel a bakin mutanen Bangaladash da Indiya, masana tsirrai kuma su ce Aegle marmelos. Wanda kika sayo shi ne kodbel, Limonia acidissima, kuma kalmar nan ta biyu ma'anarta a Latin "mafi tsami". Ashe tun a sunan an yi miki gargaɗi. Dukansu 'yan gida ɗaya ne da lemun tsami da lemun zaƙi, dangin da ake kira Rutaceae, har da ganyen kori da Indiyawa ke jefawa a miya. A 'ya'yan ba za ki ga alamar zumuncin ba. Sai a jikin bishiyar: ga ƙaya, ga ganyen da in aka murza shi yake tashi da ƙamshi. Asalinsu duka yankin Indiya ne da ƙasashen da ke kewaye da ita.

Da hannu ake bambanta su tun kafin a fasa. Bel santsi gare shi kamar ƙwaryar da aka goge, kore ne mai komawa ruwan ɗorawa in ya nuna, kuma sau da yawa ya fi girma. Kodbel kuwa kaushi, fari-fari mai toka-toka, kamar an birkiɗa shi a gari, faɗinsa santimita 5 zuwa 9. Wanda ya tashi a karkara zai ce ai ƙoƙiya ce. Kamar ta tsaya a ɓawo kawai, ƙoƙiya dangi daban ce, ba ruwanta da lemo. Dukansu dai wuƙa ba ta cin su, sai taɓarya ko guduma.

Cikin bel ya fi daɗin bayani. Ɓargon ruwan lemo ne mai zare-zare, yana ƙamshi mai zaƙi, kowane ƙwallo kuma yana kwance cikin wani ruwa mai yauƙi kamar ƙaro. Ana kwashe shi da cokali a jiƙa a ruwa, a dama da hannu, a tace da rariya, a sa sukari, wasu su ƙara madara. Shi ne abin da ya zo miki a jug. Yana ɗaukar kusan wata 11 a kan bishiya kafin ya nuna, kuma a Bangaladash sananne ne a teburin buɗa baki. Mutanen Tailan yanka shi suke yi su busar, su dafa kamar shayi. Ganyensa mai reshe uku mabiya addinin Hindu suna girmama shi, shi ya sa ake yawan shuka bishiyar a gefen wuraren bautarsu. Yana da wasu sunayen Turancin ma, Bengal quince da stone apple, kuma da ɗayansu aka tsaya a kai, da ba ki yi asarar riyal ɗinki ba.

Ni dai a ganina kodbel ne ya fi cancantar sunan wood apple, don a Siri Lanka, inda suke ce masa divul, in ka ga sunan nan a jikin kwalbar jam to shi ake nufi. Can suna dama shi da madarar kwakwa da wani abu irin mazarƙwailarmu. 'Yan Bangaladash kuma huda ɓawon suke yi, su zuba gishiri da barkono, su motsa da tsinke su riƙa lasa, yadda yaranmu ke yi da tsamiya.

In kin koma bakala, bar Turancin a gida. Ki ce bel, ki shafa ki ji santsi. Guda ɗayan da ya rage miki kuwa kada ki jefar. Sake shi a ƙasa daga tsayin gwiwa: in ya yi tsalle bai nuna ba, in ya faɗi tim ya zauna, to ya yi. Ki dama da sukari da ɗan gishiri ki tace, sai dai ki fasa shi a tsakar gida. Ni na taɓa fasawa a falo, esi a kunne, taga a rufe, har washegari yara na tambayar me ya lalace a firij.