Aikin yanar idon Inna a Birnin Kebbi, abin da na gani da idona

Salam jama'a. Sati shida kenan da anka yi wa Inna aikin yanar ido a wani asibiti cikin Birnin Kebbi, mutane da yawa sun ta tambayata ta waya ya aikin yake, da zafi ne, ana cire idon ne a wanke a mayar, shine na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Inna ta kai shekara biyu tana cewa hazo take gani, mu kuma muna ce mata tsufa ne. Sai da ta kai ba ta iya tsintar shinkafa, in an shigo gida sai an yi magana sannan ta gane ko waye, sannan hankalinmu ya tashi. Ita kuma ta ƙi asibiti ƙememe, kuma wallahi ban ga laifinta ba, don yayanta Kawu a gabanta anka yi masa aikin gargajiya a ƙauye, irin masu yawo da jaka ɗin nan, sunka sa masa tsinke cikin ido sunka tura yanar ciki. Kwana biyu yana murna yana ganin haske, daga baya idon ya yi ja ya riƙa masa ciwon kai har idon ya mutu gaba ɗaya. A wajenta duk aikin ido abu ɗaya ne.

Ba ɗaya bane. Likitan da ya duba ta ya zauna ya yi mana bayani da Hausa, wannan kam na yaba masa. Ya ce yanar ido ba wata fata bace da ta rufe ido daga waje yadda muke zato, akwai wani ɗan madubi a cikin ido bayan baƙin nan, shi ne ke dusashewa ya yi fari. Masu tsinke tura shi kawai suke ya faɗa can ƙasan ido ya zauna, ba su sa komai a madadinsa, shi ya sa ko an dace mutum sai da tabarau mai kaurin gaske, in ba a dace ba kuma kumburi da hawan jinin ido su ƙarasa shi. A asibiti kuwa ɗan tsagawa ake ƙarami a gefen farin ido, a fito da madubin da ya lalace waje, a sa na roba a gurbinsa, kuma wannan robar tana nan iya rayuwa ba a canza ta. Binciken makanta da anka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane a ƙasar nan, abin takaici kuma ita ce wadda ake iya gyarawa cikin ƙasa da rabin awa.

Kafin ranar aiki sai da anka auna mata hawan jini da suga, anka auna ƙarfin ruwan idon, sannan anka sa wata na'ura ta auna tsawon idon don a san lambar robar da za ta dace da ita. Dan Allah duk inda za ku kai naku ku tambaya ko suna wannan awon, don in an sa roba da ka ne kawai mutum zai iya ganin haske amma ba tangaran ba.

Ranar aiki munka baro wajen Argungu tun bayan asuba. Nan ne ƙorafina na farko, layi. Kati tun ƙarfe bakwai amma ba a kira ta ba sai bayan azahar, tsofaffi zube a baranda wasu kan tabarma, ba wanda ya fito ya ce mana ga lambarku ga lokacin da za a kai kanku, kuma bayan gidan da ke wajen bai dace da wurin da ake aikin ido ba sam. Kuɗi kuma ba kaɗan bane, sai da ni da ƙannena munka haɗa, sannan abin da anka faɗa mana farko bai haɗa da magani ba, sai a wajen biya munka ji. Da an faɗa mana jimla tun farko da ya fi.

Amma cikin tiyata ba ni da abin cewa sai godiya. Ba a sa ta barci ba, allurar kashe zafi anka yi mata a gefen idon, ta ce ita kaɗai ce ta ji, bayan nan sai dai ruwa mai sanyi da haske. Wata nas ta riƙe mata hannu tana ce mata "Inna kar ki motsa, an kusa gamawa", ita kuma tana ta salati a zuci. Ko minti ashirin ban jin ta yi ba ta fito da bandeji da wani ɗan murfi a kan idon.

Washegari da safe anka cire bandejin. Ta ɗan runtse ido don haske, nas ta ɗaga yatsu daga nesa ta ce nawa ne, Inna ta ce uku, nas ta ƙara ja baya Inna ta ce biyu. Can sai Inna ta sunkuyar da kai ta kama bakin zanenta tana juyawa, ta ce min "Kai, ashe wannan shuɗi ne? Ni duk zamana baƙi nake ɗaurawa." Na kasa magana wallahi. Likita ya ce haka ne, yanar ido na sa komai ya yi ɗorawa-ɗorawa ya dushe, in an cire sai launuka su dawo.

Ƙorafina na biyu ya fi na farko nauyi. An ba mu maganin ɗigawa kala biyu da takarda da Turanci, cikin sauri, alhali ɗaya daga ciki ana rage shi ne a hankali sati bayan sati ba a yankewa lokaci ɗaya. Ni na iya karantawa, amma tsohon da ke gefenmu daga wajen Jega shi da jikansa ƙarami sunka zo, ni na zauna na yi musu alama a jikin kwalaben. Haka maganar hayaƙin murhu da tozali da murza ido da zuba ruwa a fuska wajen alwala, sai da na koma na tambaya da kaina sannan anka yi min bayani. Wannan bayanin kamata ya yi a tara mutane a faɗa musu da Hausa kafin a sallame su, don aiki mai kyau na iya lalacewa a gida cikin sati ɗaya. Sun dai ja mana kunne cewa in ido ya yi ciwo mai tsanani ko ja ko gani ya ragu kwatsam a dawo ranar, kar a jira ranar da anka rubuta.

Wani abu da likitan ya ce kar mu manta, wani lokaci bayan wata ko shekaru hazo kan ɗan dawo, ba yanar bace ta sake fitowa, 'yar jakar da robar ke zaune ciki ce ke dusashewa, da hasken leza ake share ta ba sai an sake tsagawa ba. Kuma ya duba ni ma ya ce tunda na haura arba'in in riƙa auna hawan jinin ido, don shi abin da ya ci ba ya dawowa da aiki.

Zan sake kai ta can, eh. Idon hagu na nan da tasa yanar, an ba mu rana bayan an gama yankan shinkafa, kuma wannan karon ita ce ke tambayata saura kwana nawa.