Sharhi kan infata mai 3kVA da batirin lithium na 24V 100Ah

Kayan da nake sharhi a kansu guda biyu ne a haɗe: infata mai 3kVA da ke aiki da 24V, da batirin lithium guda ɗaya nau'in LiFePO4, mai 25.6V da 100Ah. Na daɗe ina amfani da su a kan kayan gida da na ƙaramin ofis, kuma ra'ayina shi ne kaya ne masu kyau ƙwarai ga wanda zai zauna ya yi lissafi kafin ya jona. Wanda ya ɗauka cewa wutar gari ce ya saya a cikin akwati, zai ji haushinsu tun daren farko.

Lambar 3kVA da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ita ce ke ruɗin mutane. A wannan infata, 3kVA na nufin wat 2,400 ne kawai, kuma wannan adadi bai da alaƙa da tsawon lokacin da wuta za ta yi. Infata kamar bakin famfo take, batir kuwa shi ne tankin. Faɗin bakin famfo ba ya ƙara ruwan da ke cikin tanki. Abin da batirin ke ɗauke da shi ana samunsa ne idan aka ninka 25.6 sau 100, wato 2,560Wh, ma'ana wutar da za ta ɗauki nauyin wat 2,560 na awa ɗaya. Ba duka za ka sha ba. Ya kamata a bar kusan kashi 10 cikin ɗari a ciki, sannan infata na zubar da wajen kashi 10 zuwa 12 a matsayin zafi lokacin da take juya wutar batir zuwa irin ta soket. Abin da ke isowa ga kayanka wajen 2,000Wh ne, kuma da wannan lamba ya kamata a yi duk wani lissafi.

Ga yadda abin yake a aikace. Ƙwan fitila na LED guda 6 masu wat 9 sun ba da 54. Fankar sama guda 2, kowace wat 75, sun ba da 150. Talabijin matsakaici wat 50, na'urar intanet wat 10, laftof a kan caji wat 60. Jimla wat 324, wanda ke cinye 2,000Wh a cikin awa 6 da 'yan mintoci. Idan aka kashe fankokin sama aka kunna na ƙasa masu ƙaramin ci, wat 30 kowace, nauyin ya sauka zuwa 234, wutar kuma ta kai awa 8 da rabi. Fankar sama ita ce babbar mai shan batir a gidaje da yawa, ba a lura da ita ne saboda ba ta zafi kuma ba ta ƙara. Akwai kuma cin da infatar ke yi da kanta ko da ba a jona mata komai ba, wanda a wannan girman yakan kai wat 25 zuwa 30. A awa 10 ya lashe kusan 300Wh a banza. Shi ya sa idan wayar hannu kawai za a yi wa caji cikin dare, kunna infata mai wannan girma asara ce.

Firiji yana aiki a kanta lafiya, amma da sharaɗi. Injinsa na cin wajen wat 100 zuwa 150 idan yana tafiya, sai dai a daƙiƙar da yake tashi yakan ja ninki biyar na wannan ko fiye. Infatar na ɗaukar wannan fizgar ba tare da gardama ba, sai ka ga fitila ta ɗan lumshe ta dawo. Matsala na zuwa ne idan firiji da firiza suka tashi tare, kamar yadda sukan yi a daidai lokacin da aka ɗauke wuta aka koma kan batir. Ƙaramar na'urar jinkiri da ake sa wa soket ɗin ɗayansu, mai riƙe wuta na minti uku kafin ta saki, tana magance wannan. Dutsen guga, butar lantarki da hita kuwa kowannensu na cin wat 1,000 zuwa 2,000 ko sama da haka, don haka ba su da wuri a nan. A ofis, abin da ke ba mutane mamaki shi ne firinta mai lesa: tana zaune shiru, amma da zarar an tura mata takarda sai ta ja ɗaruruwan wat a lokaci guda don ɗumama sashen da ke manna tawada.

Akwai wani abu da ban ji daɗinsa ba a wannan haɗi, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. A cikin batirin akwai allon tsaro da ake kira BMS, wanda ke yanke wuta idan an ja fiye da amfiya 100. To idan infata na ba da wat 2,400 cif, abin da take ja daga batir ya zarce amfiya 100 da kaɗan. Ma'ana batirin zai yanke kafin infatar ta kai iyakarta. Ba ƙarar gargaɗi, ba alama, sai kawai komai ya mutu har da allon infatar, mutum ya ɗauka ta ƙone. Da batir ɗaya, gara a ɗauki wat 1,800 zuwa 2,000 a matsayin iyaka. Mai son cin moriyar infatar gaba ɗaya sai ya ƙara batir na biyu iri ɗaya gefe da gefe, jan kai da jan kai, baƙi da baƙi, bayan ya tabbatar cajinsu ya zo ɗaya kafin ya haɗa.

Wajen haɗawa ne ake yawan lalata kaya masu kyau. Amfiya 100 na buƙatar wayar tagulla mai kauri 25mm² zuwa 35mm², gajeriya, kada ta wuce mita ɗaya da rabi. Siririyar waya tana zafi, tana kuma zubar da bolt a hanya, sai infata ta riƙa kukan batir ya yi ƙasa alhali yana da caji. A sa fiyus na DC, wato na irin wutar batir, mai amfiya 125 dab da kan batir na ja. Bireka irin ta wutar gida ba ta dace da wannan wuri ba, domin wutar DC ba ta saurin mutuwa idan ta yi tartsatsi. A daddanne kan waya da abin matsewa na gaske, a ɗaure noti sosai, sannan bayan mako biyu a sake dubawa. Kan batir da ya yi ɗumi alama ce ta sako-sako. A haɗin farko kuma infata kan zuƙi wuta da ƙarfi don cika kafasitocinta, wato sassanta masu tara wuta, har BMS ya ɗauka waya ce ta haɗu ya kulle. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan fara taɓa wayar ta cikin rizista, ƙaramin abin rage gudun wuta, na 'yan daƙiƙoƙi kafin ya ɗaure.

Saitin caji ma sai an gyara shi da hannu. Infatar na zuwa ne da saitin batirin ruwa. Ga wannan batir mai sel 8, wato ƙananan batira takwas da aka haɗa a cikinsa, cajin sama ya zama 28.4V zuwa 28.8V, na riƙewa 27V, yankewa kuma kada ta yi ƙasa da 24V. Saitin nan na daidaita sel da ake yi wa batirin ruwa a kashe shi gaba ɗaya. Idan aka bar yankewa a ƙasa sosai, BMS ne zai riga infata yankewa, batirin ya yi barci, infata kuma ta daina ganinsa ko an kawo wuta, sai an tashe shi da wata caja. A amfiya 30 batirin na cika a cikin kusan awa 3 da rabi, kuma a nan ne lithium ya yi wa batirin ruwa nisa, musamman inda wuta ba ta daɗewa idan an kawo ta.

Batiran ruwa guda 2 masu 12V 200Ah na ɗauke da 4,800Wh a takarda, amma sauke su ƙasa da rabi na gajarta rayuwarsu, don haka abin amfani 2,400Wh ne, kusan daidai da wannan ɗaya. Kowannensu ya kai kilo 60, suna son ruwan batir lokaci zuwa lokaci, suna fitar da iskar haidirojin wajen caji, suna kuma ɗaukar awanni masu yawa kafin su cika. Wannan na lithium bai wuce kilo 25 ba, ba a zuba masa komai, kuma masu ƙera irinsa na ba shi zagayen caji 3,000 ko fiye kafin ƙarfinsa ya sauka zuwa kashi 80. Ya fi tsada wajen saye, wannan gaskiya ne.

Sandunan da ke nuna cajin batir a allon infata ba abin dogaro ba ne. Suna auna bolt ne, shi kuwa LiFePO4 yakan zauna kusa da 26V tun daga kashi 90 har zuwa kashi 20, sannan ya faɗi da sauri. Za ka ga sanduna uku cikin huɗu, bayan rabin awa wuta ta tafi. Manhajar BMS a wayar hannu ta fi gaskiya, amma ita ma ƙidayarta na karkacewa idan aka daɗe ba a cika batirin ba. Cika shi fal sau ɗaya a mako yana dawo da ita daidai.

Ga masu kwamfutar tebur, infatar na da zaɓi biyu na sauyawa daga wutar gari zuwa batir. Na UPS, mai sunan na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta, yana komawa batir a cikin wajen milisakan 10, kwamfuta ba ta ko ji ba. Na kayan gida yana ɗaukar wajen 20, wanda kan sa wasu kwamfutoci su mutu su tashi. Sai dai na UPS yana ƙin karɓar wuta mai rauni da ta ƙaramin janareto mai rawa, ka ji tana ta ƙas-ƙas tana shiga tana fita ba ta caji. A ofis a bar ta a UPS, idan za a yi caji da janareto a sauya, a kuma rage amfiyar caji.

Fankokin cikin infatar suna da ƙara idan tana caji, don haka ba ta ɗakin kwana ba ce, kuma suna jan ƙura sosai, sai ana kashewa ana hure ragar. A ajiye ta inda iska ke ratsawa, da tazarar 20cm a gefe da 50cm sama da ƙasa, nesa da rana, batirin ma haka, domin zafi na tsufar da lithium ko ba a amfani da shi, kuma yawancin irin wannan batir ba a son yi masa caji idan zafinsa ya haura digiri 45.

Abu ɗaya da ba a sassauci a kansa: kada a taɓa cusa wutar infata cikin soket ɗin bango don ta zagaye gida. Wutar na iya komawa layin waje ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan falwaya, kuma idan aka kawo wuta infatar ce za ta ƙone. A ware layin fitilu, fankoki da 'yan soket kaɗan a kan akwatin bireka na daban, a bar na guga, hita, esi da famfon ruwa a kan layin gari, a sa makunnin sauya layi don a iya tsallake infatar ranar da za a gyara ta, a kuma haɗa jikinta da wayar ƙasa.