Vivitar 283, filashar da na gada daga maigidana

Maigidana da na koyi ɗaukar hoto a shagonsa a Zariya, Allah ya jiƙansa, shi ya bar mini ita. Baƙa ce, ga nauyi, ƙananan batir huɗu take ci, kuma a shekarun 1970 aka fara ƙera irinta. Har yau tana tashi da ɗan kukan nan nata kamar sauro.

Da kanta take awon haske. Akwai ɗan ido a gabanta, haske ya bugi mutum ya dawo, idon ya ga ya isa, sai ta katse. Kai dai ka saita saurin fim, wato lambar da ke nuna yadda fim ke saurin kama haske, a faifan gefe, ka zaɓi launi, rawaya ko ja ko shuɗi, ka karanta lambar ƙofar haske, wato girman ramin da haske ke bi ya shiga kyamara, ka murɗa a kyamara da hannunka. Ita kyamarar ba ta ma san abin da ake ciki ba.

Bara na samu kyamarar Nikon FE2, fitowar 1983, da filasharta SB-15. Wannan ta cikin gilashin kyamara take awo, abin da ake kira TTL: hasken da ya faɗa kan fim ya dawo shi ake aunawa, dabarar da kamfanin Olympus ya shigo da ita a kyamararsa OM-2 a 1975. Na ɗauka Vivitar ta gama yayi.

Sai bikin ƙanwata ya zo, na ɗauki duka biyun, kowace da fim mai hoto 36. Da aka wanko, hoton ango da abokansa cikin farar shadda duk ya yi duhu, a fim ɗin biyu kuwa! Farin ya mayar da haske da yawa, kowace ta zaci ya isa, ta katse da wuri, fuskoki suka dushe. Ashe TTL ɗin ma ba ta san bambancin babbar riga da fuskar mai ita ba. A Vivitar maganin ɗan murɗi ne, in buɗe ƙofar haske mataki ɗaya fiye da abin da faifai ya ce. A Nikon in na yi haka sai ta rage hasken ta mayar da ni gidan jiya, dole in ruɗe ta ta wajen saurin fim.

Inda Nikon ta yi mata fintinkau shi ne hoton lallen hannun amarya daga kusa. Idon Vivitar yana can sama yana kallon tabarma da bango, ya ƙone hannun da haske. Haka ma in an ɗora wa gilashi matatar launi, wadda ke rage hasken da ke shiga, Vivitar ba ruwanta, lissafi naka ne.

Hattara da abu ɗaya: tsofaffin 283 ƙirar Japan wasunsu kan tura wuta sama da bolt 200 ta ƙafarsu, wurin da suke zama kan kyamara. Kada ka ɗora ta kan kyamarar zamani sai mai gyara ya auna maka. Tawa dai a kan tsohuwar Pentax K1000 take zama, da ita nake zuwa suna da walima.