Matashin soso mai yanka ko mai ƙaiƙayin hatsi: wanne ya fi hana takunkumin CPAP yoyon iska?

Wata Hajiya ta yi tambaya a kan maigidanta. Likita ya gano numfashinsa yana ɗaukewa a cikin barci, aka ɗora shi a kan na'urar CPAP, mai tura masa iska ta cikin takunkumi yana barci, minshari ya lafa. Sai dai da ya juya ya kwanta a gefe, takunkumin ya goce, iska ta riƙa tsartuwa tana hura masa ido. Ya wayi gari ido jajir, ita ma ba ta samu barcin kirki ba. Takunkuminsa babba ne, mai rufe hanci da baki. Ta ga matashin kai iri biyu ana talla, ɗaya na soso mai yanka a gefe da gefe, ɗaya kuma an cika shi da ƙaiƙayi ana ƙarawa ana ragewa. Wanne za ta saya?

Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Ga mai irin takunkuminsa da ke kwana a gefe, ni mai yankan zan zaɓa. Amma ki ɗan dakata da fitar da kuɗi har ki ji dalili.

Na'urar tana tura iska da ƙarfi, galibi tsakanin 4 zuwa 20 a ma'aunin santimitar ruwa, domin maƙogwaro ya tsaya a buɗe. Robar bakin takunkumin an yi ta ne yadda iskar za ta ɗan kumbura ta, ta lafe a fata da kanta. Idan kunci ya nutse cikin matashi, matashin sai ya tura takunkumin ta gefe guda, ɗaya gefen ya ɗaga, mafi yawa a wajen karan hanci. Shi ya sa ido ne ke fara shan wahala. Da yawa sai su ƙara ɗaure maɗaurin tamau, wannan kuwa yana murƙushe robar ne, yoyon ya ƙaru, ga shaida a kunci, ga miki a karan hanci.

Matashin soso mai yanka, irin CPAPMax na kamfanin Contour, maganin wannan turin kawai yake yi. An gutsure gefunansa biyu, kunci da kunne su zauna a kan tudu, takunkumin ya rataya a sarari babu abin da ke taɓa shi. Soson yana da ɗan tauri, ramin ba ya rushewa har asuba, kuma wannan shi ne babban amfaninsa ga takunkumi mai faɗi, wanda ya fi kowane iri samun wurin da za a tokare shi. Inda yake gazawa shi ne tsayi. Mai faffaɗar kafaɗa idan ya samu gajere, kansa zai rinjaya ƙasa, haɓar takunkumin ta taɓa katifa, an dawo gidan jiya, ga ciwon wuya ƙari. Saboda haka ki nemi wanda ake zare masa shimfiɗa a ƙara ko a rage. Sannan akwai zafi. Soson nan mai ɗaukar siffar kai yana riƙe ɗumi, kuma a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, gumin fuska kaɗai ya isa ya sa roba ta riƙa zamewa. Ba a wanke shi, rigarsa kawai ake wankewa, don haka a tanadi riga biyu ta auduga.

Mai ƙaiƙayin kuwa ɓawon wani hatsi ne da ake kira bakwit, Japanawa sun daɗe suna cusa shi a matashi. Yana da zif, ki ɗiba ki ƙara har tsayin ya yi daidai da kafaɗar mai shi, iska tana ratsa shi, ba ya ɗaukar zafi. A nan ya yi wa soso nisa. Amma ramin takunkumin da hannu ake tona shi kafin a kwanta, kuma da an juya ɗaya gefen babu rami, sai an farka an sake tonawa. Yana da nauyi, yana ƙaras-ƙaras idan an motsa, kuma ba ya son laima, da damina sai ana shanya shi a rana. Ya fi dacewa da mai ƙaramin takunkumi na hanci kaɗai, musamman wanda tiyonsa ke fita ta tsakiyar kai, irin DreamWear na Philips ko AirFit N30i na ResMed. Irin waɗannan ba su da abin da ya turo gaba sosai, ɗan sarari ya ishe su.

Matashinmu na audugar rimi, idan sabo ne mai laushi, yana turin takunkumi ƙwarai, domin fuska nutsewa take yi a cikinsa.

Kafin sayayya, ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ki samo matashi mai ɗan tauri a gidan, Alhaji ya kwanta a can bakin gefensa, kunne a kai, takunkumin ya leƙo waje. Ki tsaya ta bayansa ki duba: wuyansa ya miƙe daidai da gadon bayansa, ko ya karkata? Da safe a duba na'urar. Idan AirSense 10 ce ta ResMed, tana nuna koriyar fuska mai murmushi idan takunkumin ya zauna da kyau, ja idan yoyo ya yi yawa, kuma iyakar yoyon da ResMed ke aiki da ita lita 24 ce a minti. A gwada dare da dama. Idan ja ya koma kore, matashi ne matsalar, kuɗinki ba zai tafi a banza ba. Kuma ba dole sai na waje ba. Masu yanka soson katifa a kasuwa za su iya yi miki. Ki auna daga wuyansa zuwa ƙarshen kafaɗa, a yanko soso mai tauri da wannan kaurin, a gutsure rabin da'ira a kowane gefe. Ki tafi da takunkumin a gwada shi a ramin, ya shiga da ɗan rara.

Idan kuwa fuskar da na'urar ke nunawa ta ci gaba da zama ja, to babu matashin da zai yi magani, na soso ko na ƙaiƙayi. A duba robar, idan ta saki ko ta fara danƙo ta tsufa, sai sabuwa. Maiƙon fuska ma yana sa ta zamewa, musamman lokacin hunturu da ake shafa mai da yawa, don haka a wanke fuska kafin kwanciya, a wanke robar da safe da sabulu marar ƙarfi. Tiyo idan ya zubo ƙasan gado yana jan takunkumin, a rataye shi ta saman kai.

Abu biyu nake roƙonki a kai. Ƙananan hujojin da ke gaban takunkumin da gangan aka yi su, ta nan iskar da ya fitar take fita. Kada a liƙe su, kada matashi ko bargo ya toshe su. Sannan kada Alhaji ya koma kwanciya rigingine don gudun yoyo ba tare da sanin likita ba, domin a wannan kwanciyar harshe ke faɗawa baya, numfashin mutane da yawa ya fi ɗaukewa.

Ba ki faɗa mana ko yana da gemu ba. Idan yana da shi, babban takunkumi da wuya ya lafe a kan gashi ko da wane matashi aka sa. Ku koma asibitin da na'urar da katinta mai adana bayanan barcinsa, ku nemi a gwada masa ƙaramin na hanci, da maɗaurin haɓa idan bakinsa yana buɗewa a barci. Idan aka canza masa zuwa wannan, mai ƙaiƙayin zan ce ki saya.