Magen unguwa a asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma

Asibitin dabbobi irin wanda muke da shi a garuruwan karkarar Jigawa don shanu da tumaki da awaki aka tanade shi. Duk da haka na kai wata mage marar mai ita da ta lafe a gindin rumbu a unguwarmu, kuma ta tashi. Ana samun biyan buƙata a wurin, amma fa sai mutum ya je da shirinsa.

Ƙazuwa ce ta kama ta, ga kuma mura. Ƙazuwar mage daga gefen kunne take farawa, ta gangaro fuska da wuya, gashi ya zube, fata ta yi kauri ta yi ɓawo kamar busasshen taɓo. Kwantsa ta liƙe idanu, hanci ya toshe. Mage kuwa in ba ta jin ƙanshin abinci ba ta ci, shi ya sa ramarta ke zuwa da sauri.

Wajen kamu ake jin ciwo, don haka kada a tura yara. A zuba busasshen kifi cikin kwali mai ƙwari da aka huhhuda, in ta shiga a rufe, a ɗaure da igiya, a lulluɓa tsumma, duhu yana kwantar mata da hankali. Buhun leda a kan babur da tsakar rana ajalinta ne. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15, ya wuce asibiti a ranar, domin mage ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. Wadda ke dalalar da miyau tana kai cizo ba gaira ba dalili kuwa, ba a sa mata hannu, malamin dabbobi ake kira.

Na yaba da hannun malamin da na tarar. "Sannu da ƙoƙari, Malam, ajiye ta nan," ya ce, ya naɗe ta da tawul, kai kaɗai a waje. Ya auna zafin jikinta ya samu 39.8, alhali na lafiyayyar mage tsakanin 38 ne da 39.2. Ya ɗaga leɓe ya duba dasashi, ya tsunkuli fatar wuya ya saki. Fatar ta yi jinkirin komawa, alamar ruwan jiki ya yi ƙasa.

Inda gizo ke saƙar shi ne awon magani. Ivermectin shi ne maganin da ke kashe ƙwarin da ke jawo ƙazuwa, amma wanda ke kan teburinsu na shanu ne, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Mage tana buƙatar 0.02 ml ne kacal a kan kowane kilo, wato mai kilo 2 rabonta 0.04 ml, kusan ɗigo ɗaya. Sirinjin 10 ml ba ya iya wannan awo, kuma babu ƙaramin sikeli a asibitin. Wannan gibi ne babba, don in maganin ya yi yawa mage takan kama makyarkyata, ta yi tangaɗi, ido ya daina gani, wata ma ba ta farfaɗowa. Mafita ita ce a biya ta wurin mai shago a ɗora kwalin a sikeli da magen a ciki, daga baya a cire nauyin kwalin, sannan a sayi sirinjin insulin a kemis. A irin mai lamba 100, daidai lamba 4 ake tsayawa. A ƙarƙashin fata ake yin allurar, a maimaita bayan kwana 14 saboda ta farko ba ta kashe ƙwan ƙwarin. Wanda ya tsallake ta biyu ya yi aikin baban giwa.

Don murar ya ba da doxycycline, ya raba shi da kansa gwargwadon nauyinta. Ba a ɗura shi a bushe, yana maƙalewa ya ƙone maƙogwaro. A cikin kifi ake cusa shi, ko a bi shi da ruwa. Idanu kuma a riƙa gogewa da auduga da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin litar ruwan da aka tafasa ya huce.

Abin da ya fi cin raina shi ne yadda tausayi ke kashe maguna a ƙauye. Ƙwayar Panadol ɗaya ta isa ta hallaka mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin kaska na wankan shanu, piya-piya, Izal da baƙin mai da ake shafa wa ƙazuwa duk guba ne gare ta, don komai ya taɓa jikinta sai ta lashe. Madara ma gudawa take sa yawancinsu. Ruwa mai tsabta da dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, da ɗan ɗuminsa don ƙanshi ya tashi, sun wadatar.

A guji zuwa ranar kasuwa, malamin yana kara tun safe, gara a buga waya tukuna. Allurar rigakafin haukan kare da za a yi wa magen ban same ta ba, sai an aika birni tunda ajiyar sanyi take so. Bayan allura ta biyu ɓawon ya kakkaɓe, wajen mako huɗu gashi ya soma tsirowa a kunne. Kwali da tsumma a ƙone su, mai jinya kuma ya riƙa wanke hannu, don wannan ƙazuwa tana sa mutum ƙaiƙayi na 'yan kwanaki.